Ƙarar Cokali

Mijina ba ya magana, amma yana kira. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi kusan shekara uku da suka wuce, ya tafi masa da hannun dama da ƙafar dama da harshe gaba ɗaya, da cokali yake nemana. Cokalin shayi ne mai ɗan lanƙwasasshen baki, na ɗaure shi da igiyar takalmi a ƙarfen gado, daidai inda hannun hagunsa zai kai. Bugu ɗaya, ruwa yake so. Biyu, a juya shi, gefen ya gaji. Uku, in zo da fo na bayan gida, kuma in zo da sauri. In kuwa na ji ya saki bugu ba lissafi, to kewa ce kawai, so yake in bar abin da nake yi in zo in zauna ya kalle ni.

Da can mutum ne mai baki. Kafinta ne, kuma in ya fara ba ka labari a shagonsa sai gam ya bushe a kan katako bai kai ƙarshe ba. Na sha ce masa ranar da ya yi shiru duniya za ta huta. Yanzu in na tuna wannan tsokanar sai in ji kunya ta kama ni.

Ni tela ce. Da ya kwanta sai na kwaso keken ɗinkina daga shago na kafa shi a falo, jikin bangon ɗakinsa, don ƙarar cokalin ta riƙa iso ni. Kullum da safe in yi masa wanka a kwance, in shafa masa mai a baya da ɗuwawu don kada fata ta tsage, sannan in kama mataccen hannun in miƙa shi sau goma in naɗe shi sau goma, yadda ma'aikaciyar asibiti ta koya min. A lokacin miƙa hannun nan muke sauraron saƙon Malama.

Malama ƙawata ce tun muna 'yan mata a ƙungiyar mawaƙan coci, ita ta riƙe min jaka ranar aurena. Ta koyar a firamare har ta yi ritaya, daga nan ta ce Ubangiji ya ɗora mata nauyin kada rana ta fito ba ta ba wani Maganarsa ba. Sai ta fara naɗar muryarta a waya kowace safiya, minti biyar, aya ɗaya da ɗan bayani da addu'a, ta tura wa mata goma sha biyu a wani guruf da ta buɗe. Kafin shekara ta zagayo guruf ɗin ya haura mutum ɗari uku, har da maza. Ba zan ci amanar gaskiya ba, Allah ya ba ta murya da iya jera magana. Akwai safiyoyin da saƙonta ne ya tashe ni tsaye lokacin da ƙafafuna suka ƙi.

Tana da wata al'ada guda. In za ta ba da misali ba ta kama suna, sai ta ce, "Wata 'yar'uwa ta gaya min." Mu kuwa masu sauraro sai kunne ya miƙe. Ni kaina na ƙware a canka. Ina miƙa hannun maigida ina ce masa, wannan matar mai chemist ce, wa ke da ɗa ɗan shekara talatin da ba ya tashi sai azahar in ba ita ba. Sai ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga, dariyarsa ke nan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda matar mai chemist take ji a safiyar ba.

Malama ce ma ta ba ni shawarar in riƙa ɗora masa wayar a kan filo. Ta ce Maganar Allah ba ta jiran amsa kafin ta yi aiki. Duk ranar Alhamis kuma takan zo ta dafa goshinsa ta yi masa addu'a, tana kiransa ɗan'uwana.

Wata Alhamis ce ta same ni a ranar da ba ta da kyau. Tun safe yake bugu. Ruwa, juyi, ruwa, fo, fo ɗin ma na kawo bai yi komai ba. Ina tsakiyar yanka leshin wata amarya ya sake bugu uku, hannuna ya firgita, almakashi ya shige inda bai kamata ba. Malama ta shigo ta tarar da ni a kicin, na rufe ƙofa ina kuka a kan tukunyar da ko wuta ban kunna mata ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in faɗi abin da ke cina, daga ita sai Allah.

Na faɗa. Na ce mata akwai ranakun da in na ji ƙarar cokalin nan nakan ji kamar in tsinke igiyar in jefa shi a kwata. Na ce akwai wata safiya da na farka ban ji motsinsa ba, na tsaya a bakin ƙofa ina sauraro, da na ji yana numfashi sai na ji raina ya ɓaci. Na ce a ranar na roƙi Allah shiru, kuma na san irin shirun da nake nufi. Shekara ashirin da takwas muna tare, mutumin da bai taɓa ɗaga min hannu ba, ga abin da zuciyata ta roƙa masa.

Malama ba ta zare ido ba, ba ta yi min wa'azi ba. Ta kama hannuwana ta ce wannan kayan ya fi ƙarfin wuyana, in miƙa shi. Muka durƙusa a kan simintin kicin, tsakanin buhun gawayi da bokitin wanke-wanke, na miƙa wa Ubangiji gajiyata da muguwar addu'ata, na roƙi gafara. Na tashi sakayau. A makon nan har aski na yi wa maigida ina rera masa waƙa, shi kuma yana bi na da cokali a kan ƙarfe, yana ɓata min kiɗa da gangan.

Kwana tara bayan haka, ranar Asabar, na ɗora wayar a kan filo kamar kullum, na lakato mai na kama hannunsa. Malama ta karanta aya, ta ce yau za ta yi magana a kan miƙa wa Allah abin da muke jin kunyar faɗa. Ina miƙa hannun karo na huɗu sai ta ce, "Wata 'yar'uwa ta gaya min." Na dubi maigida na ɗaga masa gira, alamar bari mu ji wa aka kamo yau.

Ta ce 'yar'uwar tana jinyar mijinta ne, ya fi shekara biyu a kwance. Na ce a raina masu jinya ai suna da yawa. Sai ta ce bawan Allahn ba ya iya magana, da cokali yake kiranta.

Na saki hannunsa na kai wa wayar cafka. Yatsuna duk mai ne. Na danna, na shafa, na sake dannawa, gilashin bai san ina yi ba, wayar ta sulɓe ta faɗa tsakanin filo da kafaɗarsa, kusa da kunnensa fiye da da. Kafin in goge hannu a zanina in ciro ta, muryar nan mai daɗi ta riga ta gama jimlar, a hankali, kalma bayan kalma yadda take yi in tana so magana ta shiga: da ta ji yana numfashi, sai ranta ya ɓaci.

Na kashe. Maigida yana kallona. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da na ji sauƙi. Kallon mai tambaya ne, yana jira in yi dariya in ce wannan matar wane ce, kamar yadda na saba. Na buɗe baki ban sami sunan kowa ba. Ya daɗe yana jira, sannan ya mai da fuskarsa bango.

Na koma kan keke don ban san inda zan sa kaina ba. Na yi ta taka shi ina ɗinka abin da daga baya sai da na farke. Sai wajen sha ɗaya na lura ban ji bugu ko ɗaya ba. Na leƙa, idonsa biyu, leɓensa ya bushe. Na ba shi ruwa ya sha kaɗan, bai dube ni ba. Da azahar na sake shiga, wari ya tare ni a ƙofa. Mutumin da ko a kwance ba ya yarda a bar masa ɗigon miya a riga, ya gwammace ya ɓata shimfiɗa da ya kira ni. Cokalin yana ƙasa. Ya kwance ƙullin da hannu ɗaya, ƙullin da ni da hannu biyu na ɗaure shi tamau, Allah kaɗai ya san awa nawa ya yi yana fama da shi.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Wannan ta turo cewa suna tare da ni a addu'a, waccan ta turo hoton hannuwa a haɗe. Wata da rabona da ita tun bikin 'yarta ta zo wai a rage mata siket, ba ta ko kawo siket ɗin ba, ta zauna tana leƙen ƙofar ɗakin. A duk cocinmu gida nawa ne ake kira da cokali? Ai da Malama ta faɗi sunana da lambar gidana da ta rage wa mutane wahala.

Da la'asar ƙanwar maigida ta zo. Ita ma tana guruf ɗin. Ta gaida yayanta, ta gyara masa filon da ba ya buƙatar gyara, sannan ta same ni a falo ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Anti, in kin gaji ki faɗa mana. Yana da 'yan'uwa." Shekara biyu da rabi ba wanda ya taɓa kwana ɗaya da fo a cikinsu. Na ce ta zauna da shi awa ɗaya, na ɗauki mayafi na fita.

Na tarar da Malama a teburinta, tabarau a karan hanci, littafin rubutu a buɗe, tana shirya saƙon gobe. Ta tashi da fara'a za ta rungume ni. Na ce ta zauna. Ni ma na ja kujera na zauna, na tambaye ta abin da na yi mata a duniya.

Ta yi mamaki, kuma mamakin gaske ne, wannan ya fi komai ƙona min rai. Ta ce ai ba ta kama suna ba. Ta jawo wayarta tana nuna min: mata bakwai sun kira ta suna kuka, wata mai jinyar uwarta ta ce yau ne karon farko da ta san ba ita kaɗai ce mai irin wannan tunanin ba, wani mutum ya ce saƙon ya hana shi aikata abin da ya yi niyya. Ta ce shaidata ta yi aikin da wa'azin shekara bai yi ba, kamata ya yi in gode wa Allah da ya yi amfani da ni.

Na ce, "Kin ce daga ke sai Allah."

Ta cire tabarau ta ce, cikin muryar nan ta safiya, "Ƙawata, ba kin miƙa ba? Abin da kika miƙa wa Ubangiji ai ya tashi daga naki. In ya ga dama ya ciyar da wasu da shi, ke ce za ki hana?"

Na ce, "Allah na miƙa wa, ba ke ba. Kuma a kunnensa aka faɗa. Ke kika ce in riƙa ɗora masa wayar a filo."

Ta juya biro a hannunta. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai lallashin yaro, "To ai... na ɗauka ba ya ganewa sosai. Kin san yadda ciwon nan yake."

Ban san na tashi tsaye ba sai da kujera ta faɗi a bayana. Shekara biyu da rabi tana dafa goshin mutumin nan duk Alhamis tana ce masa ɗan'uwana, ashe a ranta da shi da katakon gadon duk ɗaya ne. Mutumin da yake gane takun kowa a gidan, wanda in na sa gishiri ya yi yawa sai ya harare ni. Na so in gaya mata maganar da za ta kwana tana juyi, amma duk abin da ya zo bakina ba na mai zuwa coci ba ne. Na ɗaga mata kujerarta na mayar inda take, na fito. Tana bi na har ƙofa tana cewa mu yi addu'a tukuna.

A hanya da Allah na yi faɗan. Na ce masa, Ubangiji, ni kai na ba ajiya, ban san kana da sakatariya ba. Na ce ka gafarta min a kicin, na ji a jikina ka gafarta, to me ya sa ka bar abin ya fito ta filo? Ban ji amsa ba. Mai kanti a bakin layinmu dai ya gan ni ina magana ni kaɗai, ya kau da kai.

Da ƙanwarsa ta tafi na rufe ƙofa na zauna a bakin gadon. Na yi tunanin in ce ƙarya Malama ta yi, ko ta ƙara gishiri. Zai iya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Amma ban taɓa yi masa ƙarya yana da baki ba, ba zan fara yanzu da ba zai iya musa min ba.

Na ce, "Baban yara, ni ce. Na faɗa, kuma a ranar haka na ji. Na gaji ne, ba ƙin ka na yi ba. Na roƙi Allah gafara, kai ne ban roƙa ba don ban so ka sani. Yanzu ka sani. Ka yafe min."

Hawaye ya gangaro ta idonsa na hagu ya shige kunne. Na share. Na ɗauko cokalin na sake ɗaure shi a ƙarfen, na sa masa a tafin hannu na naɗe yatsunsa a kai. Na ce ya buga, ko sau ɗari ne, ko ba dalili, zan zo. Ya riƙe shi jim kaɗan yana kallonsa. Sannan ya ɗago hannun ya miƙo min shi iyakar inda igiyar ta kai, ya tsaya a haka yana jira in karɓa. Na gane. Ba korata yake ba, hutu yake ba ni. Na ce ba na so, ya ƙi sauke hannun har ya fara rawa, dole na karɓa na sake shi yana lilo a jikin gado.

Washegari saƙon Malama ya shigo a kan lokaci. Ban kai wayar ɗakinsa ba, na shiga kicin na rage murya na kara a kunne, don a raina ina sa ran ko kalma ɗaya ta ban haƙuri. Ta karanta aya a kan gafara. Sannan ta ce wata 'yar'uwa ta zo mata jiya da fushi har ta ture kujera, amma ita ta riga ta yafe mata, mu ma mu koyi yafe wa waɗanda muka yi wa alheri suka kasa gani. Na saurara har amin. Na fita daga guruf ɗin, na wanke hannuna, na je na yi wa mijina wanka.

Yau wata huɗu ke nan. Ban daina zuwa coci ba, kujera dai na canza. Malama takan turo gaisuwa ta bakin mutane, ni kuma kullum da safe ina gaya wa Allah gaskiya cewa ban yafe ba tukuna, ya taimake ni, don da ƙarfina ba zan iya ba. Wayar ba ta sake hawa filo ba. Ni nake karanta mana aya da muryata mai kaushi, in yi ɗan bayanin da na iya ina miƙa hannunsa, ba misalin kowa a ciki sai namu. Yana saurara. Wani lokaci in na yi tuntuɓe a karatu ɓarin bakin nan yakan ɗaga.

Amma bai sake bugawa ba. Yana cin abin da na ba shi, yana barin in juya shi, in na kawo fo a kan lokaci ya yi amfani da shi, in na makara ya yi shiru ya jira. Shirun da na roƙa na samu, kuma ba abin da ya kai shi nauyi a gidan nan. Ɗinkin da nake gamawa a kwana biyu yanzu sai ya kai huɗu, don ba na iya taka keke minti goma ban tsaya na kasa kunne ba, sannan in tashi in leƙa ko ba a kira ni ba.

Jiya ina juya shi gwiwata ta taɓa cokalin, ya bugi ƙarfe sau ɗaya. Kafin in san abin da nake yi har na je na dawo da ruwa a kofi. Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya san ba shi ya kira ba, ni ma na sani. Na tallafo kansa, ya sha rabi.